HANNUN ƊAN ƘWADAGO: WA ZAI LAMUNCE SHI?

Gabatarwa

Malaman fikihunmu na Malikiyya suna da wata mas'ala wadda duk ɗalibin da ya ɗan zauna a zaure ya taɓa jin ta, watau mas'alar lamunin masu sana'a. In ka kai wa maɗinki yadi ya ɓata shi, ko ka kai wa marini zane ya salwanta a wurinsa, to, shi zai biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Dalilin malamai shi ne maslahar jama'a, domin mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana'a, in kuwa babu lamuni, dukiya za ta riƙa salwanta a banza. Wannan hukunci ne mai hikima. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, ita ce kuma nake son 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu su taya ni dubawa. Mun ji hannun mai sana'a yana lamunce kayan mutane. To, in kayan mutane ne suka ɓata hannun mai sana'a fa, wa zai lamunce shi?

Abin Da Idona Ya Gani

A wani hutu na lokacin noman rani na je gida, can fadamar Gulbin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo. Wanda ya san wannan yanki ya san cewa tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, aka kuma buɗe ta a 1992, noman rani ya ƙara ƙarfi ƙwarai. Albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama, duk ana noma su, kuma inda noma ya yi yawa, can maganin ciyawa da na ƙwari da na cutar ganye suke yawa.

Kawuna yana da gonar albasa, yana kuma da wani magidanci da ke yi masa feshi a kan jinga, shekara wajen shida ke nan. Da na miƙa wa mutumin nan hannu mu gaisa, sai ya noƙe, ya dunƙule hannu ya kai ƙirji. Na duba, sai na ga bayan hannuwansa da tsintsiyar hannu har zuwa gwiwa sun yi jawur sun kumbura, ga ƙananan ƙuraje suna tsattsafo da ruwa, yatsu sun tsattsage. A gadon bayansa kuma, inda tankin feshi ke ɗiga, akwai irin wannan tabo. Ya ce mini ƙaiƙayi ba ya barinsa barci, alwala ma sai ya cije. Ya ce in ya yi mako biyu bai taɓa magani ba, sai fatar ta lafa, in ya koma kuwa, kwana biyu sun yi yawa ta dawo. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne abokan aiki sun daina sa hannu a kwano ɗaya da shi.

Da dare na sami kawu na ce, "Kawu, ka kuwa ga hannun bawan Allahn nan?" Ya ce, "Na gani, ɗana. Amma ba laihin magani na ba, jikinai na. Mutum nawa ka yi muna aiki da maganin ga? Wa kaj ji ya koka in ba shi ba?"

Na yi shiru, domin ban da amsa a lokacin, kuma domin na san kuɗin makarantata daga albasar nan suke fitowa. Kawuna ba azzalumi ba ne, mutum ne mai zumunci da kyauta. Hujjarsa kuma ba ta wasa ba ce. In abu ɗaya ya taɓa mutum goma, ya bar tara lafiya, ya kama ɗaya, ina laifin abin? Wannan ita ce mas'alar.

Abin Da Likitoci Suka Gano

Kafin a yi hukunci sai an fahimci abin da ake hukunci a kansa. Likitocin fata sun kasa ciwon da sinadarai ke jawo wa fatar ma'aikaci gida biyu. Na farko shi ne wanda sinadarin ke cin fata kai tsaye, kamar yadda ɗanyen siminti ke ƙona ƙafar mai kwaɓa shi, ko sabulu mai ƙarfi ke busar da hannun mai wanki. Wannan ba ya zaɓe, duk wanda ya daɗe yana taɓawa zai ji a jikinsa, shi ne kuma ya fi yawa. Na biyu shi ne wanda ya yi kusa da abin da Hausawa ke kira borin jini. A nan garkuwar jikin mutum ce ke ɗaukar wani sinadari a matsayin abokin gaba, ta riƙe kamanninsa, duk ran da ta sake haɗuwa da shi sai ta ta da yaƙi, fata kuwa ita ce fagen fama.

Akwai abubuwa 3 game da wannan nau'i na biyu da suka shafi muhawararmu. Na ɗaya, ba a haihuwar mutum da shi. Tilas sai sinadarin ya shiga fata tukuna, jiki ya koyi ƙinsa, wani cikin makonni, wani sai bayan shekaru yana aiki lafiya lau. Na biyu, ƙurajen ba sa fitowa nan take, sukan ɗauki kwana 1 zuwa 3, shi ya sa mai ciwon kan ɗora laifi a kan abinci ko sammu ko iska. Na uku, in jiki ya riga ya koya, galibi ba ya mancewa har abada, kuma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya isa ya ta da ciwon. Bugu da ƙari, ba a ɗaukarsa daga wani, saboda haka gudun kwanon mai shi jahilci ne kawai. Tun 1895 wani likita Bajamushe mai suna Josef Jadassohn ya fito da hanyar gano sinadarin da ke da laifi. Akan manna 'yan ɗigo na abubuwan da ake zargi a bayan mutum, a bar su awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana 1 ko 2.

Abubuwan da ke jawo wannan suna nan birjik a garuruwanmu. Daga cikin magungunan cutar ganye akwai irin su mankozeb, waɗanda aka san suna ta da borin fata. A cikin siminti akwai wani sinadari, kuromiyam, wanda ya addabi magina a duniya duka, ga shi kuwa daga Rabah har Wurno babu garin da ba a buga bulo. Shi wannan kuromiyam ɗin da shi ake jima irin ta zamani, maimakon bagaruwar da majemanmu suka gada. Baƙin lallen da masu ƙunshi ke kwaɓawa da rinin gashi yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, mai saurin kama fata. Kai, har tafarnuwar da muke taƙama da ita tana da wani mai da kan tsattsaga kan babban yatsa da manuni da na tsakiya ga masu yawan ɓare ta. Wani abin mamaki ma, safar hannu ta roba da ake sawa don kariya, ita ma wasu jikinsu kan ƙi sinadaran da aka sarrafa ta da su.

Hujja Ta Farko: "Jikinsa Ne"

Mu koma ga maganar kawu. Gaskiya ne jikin mutane ya bambanta. Amma tunda mun ji cewa ba a haihuwar kowa da wannan ciwo, to, jikin da kawu ke ɗora wa laifi, a gonar wa ya zama haka? Mutumin nan ya zo da lafiyayyen hannu, ya yi shekara biyar yana dama magani da sanda, yana share bakin tiyo da yatsa, tanki na ɗiga a bayansa, sannan a ta shida fatarsa ta yi tawaye. Ashe ke nan aikin ne ya ƙera wannan jiki da ake zargi. Alal misali, in tulu goma suna zuwa rafi kullum a kan jaki ɗaya, ɗaya ya fara tsagewa, mai hankali ba ya tsayawa zagin tulun. Yakan duba mangalar da hanyar, domin ya san sauran tara suna kan layi.

Daɗin daɗawa, babu wanda ya san wa ciwon zai kama kafin ya kama shi. Ranar da mutum goma suka goya tankin feshi, kowannensu ya sa hannu cikin ƙuri'a ɗaya. Amfanin aikinsu an raba shi, mai gona ya samu, dillali ya samu, mai mota ya samu, mai miya a Legas ya samu, ni ma ɗan makaranta na samu. Asarar kuwa ta faɗa a kan mutum ɗaya. Ina adalci a ce riba ta kowa ce, hasara kuwa ta wanda ƙuri'a ta faɗa wa shi kaɗai?

Hujja Ta Biyu: "Ƙaddara Ce"

Wani zai ce ciwo da lafiya na Allah ne. Haka ne, babu musu. Amma mu lura da yadda muke amfani da wannan kalma. Ƙaddara magana ce da wanda abu ya sama ke rarrashin zuciyarsa da ita, kuma a bakinsa ibada ce. In ta koma bakin wanda ke da ikon hana abin bai hana ba, ta zama mafaka. Manomin da ke cewa hannun ɗan ƙwadagonsa ƙaddara ce, shi ne fa ya sayi maganin don kada cuta ta kama albasarsa. Bai bar albasa ga ƙaddara ba. Yaya za a yi riƙo da sababi a kan ganye, a sake shi a kan ɗan Adam?

Mu mutanen wannan yanki ma ba mu da uzuri a nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a can a 1837, kabarinsa kuma yana can, ya rubuta littattafai da dama a kan ilmin magani. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a da raya sana'o'i cikin wajiban shugaba. Sana'a kuwa ba ta rayuwa in babu hannu. Malaman usulu kuma sun kafa ƙa'ida cewa cuta gusar da ita ake yi, da wata ƙa'idar cewa wanda ke cin amfanin abu shi ke ɗaukar nauyinsa.

Hujja Ta Uku: "Shi Ya Yarda"

Wannan ita ce ta fi ƙarfi. Ba a ɗaure mutumin nan aka kawo shi gona ba, shi ya zo neman aiki, aka yi jinga, aka biya shi. Amma yarda tana da sharuɗɗa biyu a wurin masu hankali, sani da zaɓi. Shin ya san abin da ke cikin kwalbar? Gargaɗin da ke jikinta da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, sau da yawa ma an ɗura maganin a wata kwalba dabam an sayar da shi awo-awo a kasuwa. Shin yana da zaɓi? Mai 'ya'ya biyar da rumbunsa ya ƙare, in ya ce ya yarda, yunwa ce ta amsa da bakinsa. Abin da aka yi ciniki a kai shi ne ƙarfinsa na yini guda. Fatarsa ta sauran rayuwa ba ta shiga cinikin ba, ba a kuma biya kuɗinta ba.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Kada a zaci wannan matsala tamu ce kaɗai, ko kuwa ba ta da magani. Tun a 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya shawarci likitoci su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka saba yi wa majiyyaci, watau su tambaye shi sana'arsa. Duk da haka maginan Turai sun daɗe suna fama da ciwon siminti. Ko a wajen haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, wadda aka buɗe a 1994, ɗaruruwan ma'aikata sun kamu da ciwon fata, da yawansu saboda kuromiyam.

Amma ƙasar Denmak ta riga ta ɗauki wata hanya. A 1983 ta kafa doka a rage wannan sinadari a cikin siminti, ta hanyar zuba wani gishirin ƙarfe mai araha tun a masana'anta. Tarayyar Turai ta bi sahu da dokar 2003, wadda ta fara aiki a 2005, ta ce nau'in kuromiyam mai narkewa a ruwa kada ya wuce kashi 2 cikin miliyan. Masu kamuwa suka ragu. Abin lura shi ne ba jikin magina aka canja ba, simintin aka gyara. Da sun tsaya a kan "jikinsa ne", da har yau suna nan inda suke.

A nan gida Nijeriya akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, daga nan ake biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki. Doka ce mai kyau. Sai dai ɗan jingar fadama, da leburan da ke kwaɓa siminti a biya shi da yamma, da mai ƙunshi a cikin gida, ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su cikin rajistar kowa. Inda hannun doka bai kai ba kuwa, babu abin da ya rage sai tsoron Allah da kunyar jama'a.

Wani Ƙorafi

Na san akwai mai cewa, a ƙasar da 'yan bindiga suka hana mutane barci, inda aka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, wa ke da lokacin zancen ƙaiƙayi? Ban raina wannan magana ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ina ganin tushen abin guda ne. Al'ummar da ta saba kallon ciwon talaka ta ce nasa ne, ba za ta rasa dalilin kau da kai ba in abin ya girma. Kuma ga wanda hannunsa ne gonarsa, shi ne jarinsa, shi ne gadon 'ya'yansa, mutuwar hannu ba ƙaramar mutuwa ba ce. Magana ta tsaro ta fi ƙarfin kawuna. Hannun mai yi masa feshi kuwa bai fi ƙarfinsa ba, kuma kowa a kan abin da yake iyawa za a tambaye shi.

To, Wa Zai Lamunce?

Ra'ayina shi ne a raba laifi da alhaki. Mai yiwuwa kawu ba shi da laifi a shekarun da bai sani ba, domin ba a kama mutum da abin da ya ɓoyu gare shi. Amma alhaki yana nan, kamar yadda marini ke biyan zanen da ya salwanta ko da bai yi nufi ba. Daga ranar da ya sani kuwa, in ya sake goya wa mutumin tanki, alhakin ya zama laifi.

Nauyin kuma hawa-hawa ne. Mai gona ya gyara tankin da ke ɗiga, ya sayi doguwar safar hannu wadda magani ba ya ratsawa da takalmin roba, ya ajiye ruwa da sabulu a bakin gona, ya biya kuɗin asibiti, in ciwo ya kama mutum ya canja masa aiki maimakon ya sallame shi. Mai sayar da magani ya bar shi a kwalbarsa ta asali, ya faɗa wa mai saye haɗarinsa kamar yadda yake faɗa masa amfaninsa. Ma'aikacin lafiya na ƙauye ya yi tambayar nan ta Ramazzini kafin ya miƙa man shafawa, domin man yana kwantar da ciwon ne kawai, rabuwa da sinadarin shi ne magani, wanda abin ya faskara kuma a tura shi wurin likitan fata a Sakkwato. Hukuma ta sa ido a kan abin da ke cikin buhu da kwalba. Shi ma ma'aikacin akwai nasa, kada ya raina kariya don zafi ko don kada a ce masa rago, kada ya shiga gida da rigar feshi ya ɗauki yaro. Mu kuwa da muka yi karatu da kuɗin albasa, ƙaramin abin da za mu biya shi ne mu mai da gargaɗin nan cikin Hausa, da boko da ajami, mu karanta wa wanda bai iya ba.

Kammalawa

Kafin hutu ya ƙare na koma wurin kawu da waɗannan maganganu, cikin ladabi, bayan sallar isha'i. Ya saurara har na gama, ya daɗe bai ce kome ba, sannan ya ce, "Boko ya koya maka gardama." Amma da gari ya waye ya mai da mutumin wajen kula da injin ban-ruwa, ya ba shi kuɗin mota zuwa asibiti. Tankin feshi kuwa wani saurayi aka goya wa, ɗan shekara kamar 18, mai santsin hannu. An saya masa safa, na gani da idona, na kuma ga ya cusa ta a aljihu da rana ta take. Ban sani ba ko yana cikin taran nan ne ko shi ne na goma, shi ma bai sani ba, kawu ma haka.

Wannan shi ne iyakar abin da na hango, na kuwa san hangen ɗalibi gajere ne. Malamanmu na fikihu da na likitanci da na shari'a, ga fili nan, a gyara mini inda na karkace. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu ci halaliyarmu ba da haƙƙin kowa ba, amin.